Allura a Cikin Ƙashi: Muhawara Kan Haƙƙin Majinyacin Giyawa

Daga cikin jarrabawowin da Allah Maɗaukakin Sarki yake jarraba bayinsa da su a jikinsu, kaɗan ne suke kai tsananin raɗaɗin ciwon daji idan ya bar mazauninsa na farko, ko mama ce, ko huhu, ko ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji wanda likitoci ke kira furostet, ya bi jini ya je ya sauka a cikin ƙashi. Domin ciwo ne da yake hana kwanciya, ya hana zama, ya hana mutum ya juya a kan shimfiɗarsa ba tare da ya yi ƙara ba, har ta kai dattijon da bai saba rasa sallar jam'i ba ya koma yana salla da ishara. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna mutum kimanin 127,000 ne suka kamu da daji a Nijeriya a wannan shekara, kusan 80,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinsa. Sankarar mama da ta furostet su ne a kan gaba, kuma su ne biyun da suka fi son ƙashi, ta yadda kusan bakwai cikin goma na waɗanda ciwon ya yi wa nisa sai an same shi a ƙashinsu.

Mutanen Giyawa da sauran garuruwan ƙasar Goronyo, da 'yan'uwansu na Wurno da Rabah, ba a keɓe su daga wannan musiba ba, illa iyaka da yawa daga cikin masu ciwon ba su taɓa shiga littafin wani asibiti ba balle a ƙidaya su. Abin da aka saba gani shi ne manomi ya dawo daga fadamar Rima yana kukan kwankwaso, a ce amosani ne ko sanyin ƙashi, a jiƙa masa sassaƙe, a kai shi wurin wanzami a yi masa ƙaho, a sayo masa ƙwayoyi a kemis. Idan ƙashin ya karye alhali bai faɗi ba, a kira mai ɗori. Sai bayan duk wannan ya ƙare, kuɗin albasa da na tafarnuwa sun tafi, sannan a nemi mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda hoto zai bayyana abin da ya yi wata da watanni yana ɓarna a ɓoye. Idan aka kai nan, in ban da wani iko na Allah, maganar warkewa ta wuce, abin da ya rage shi ne yadda bawan Allah zai ƙarasa kwanakinsa, cikin azaba ko cikin sauƙi. Kuma kwanakin nan ba lalle ne su zama kaɗan ba, domin mai sankarar mama ko ta furostet da ke samun magani yakan yi shekara biyu ko uku, wani ma fiye, bayan ciwon ya shiga ƙashi.

Kafin a auna hujjojin ɓangarori biyu da suke muhawara kan yadda za a sauƙaƙa wannan azaba, wajibi ne mai karatu ya fahimci inda raɗaɗin yake fitowa, domin a nan ne mabuɗin mas'alar yake. Ƙashi, duk da taurinsa, abu ne mai rai, kullum ana rushe tsohonsa ana gina sabo, kuma Allah ya halicci wasu ƙwayoyi a cikinsa waɗanda aikinsu ke nan, wasu na rushewa wasu na gini. Idan daji ya sauka, sai ya ɓata wannan mizani, sau da yawa masu rushewa su rinjayi masu gini, ƙashi ya rarake ta ciki kamar yadda gara ke yi wa azara, a ganta ta waje lafiya lau, ta ciki kuwa ta zama gari. Daga nan ake samun ciwo iri biyu. Akwai zogi mai ci a hankali wanda ba ya barin mutum ko yana kwance, ya fi tsanani da dare, asalinsa kuwa kumburi ne da matsin da ƙarin ke yi wa jijiyoyin da suka cika siririyar fatar da ke lulluɓe da ƙashi. Akwai kuma wani mai suka, wanda ba ya zuwa sai mutum ya yunƙura zai tashi, ko ya taka ƙafa, ko ya yi tari, asalinsa shi ne ƙashin da ya raunana yana tsagewa yana motsi a ƙarƙashin nauyin jiki. Magani yana kama na farko da kyau. Na biyu kuwa yakan gagari magani.

Saboda wannan ne likitoci suka nemo hanyar kai wa ciwon hari a mazauninsa ba tare da an tsaga jiki an yi babbar fiɗa ba. A shekarar 1984, a birnin Amiens na ƙasar Faransa, likitoci biyu, Galibert da Deramond, suka soka allura a cikin ƙashin wuyan wata mata, suka ɗura wani irin siminti na asibiti wanda ke shiga yana ruwa-ruwa ya daskare cikin 'yan mintoci, ciwonta ya lafa. Daga nan aikin ya yaɗu zuwa ƙashin baya da na ƙugu waɗanda daji ya rarake. Bayan haka aka samo dabarar zura allura mai ɗauke da wutar lantarki har tsakiyar ƙarin, a ɗumama bakinta ya wuce digiri 60, ya ƙone naman dajin tare da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Aka kuma samo kishiyar wannan, watau allurar da ake hura wa iskar agon har ƙanƙara ta taru a bakinta ta daskarar da ƙarin. Duk waɗannan ana yin su ne likita yana kallon allurar a cikin na'urar hoto, ƙofar da ake shiga ta cikinta 'yan milimita ce kawai, ba a ɗinki, kuma galibi majinyaci yakan koma gida a ranar ko washegari. Sau da yawa akan haɗa biyu a zama ɗaya, a ƙone sannan a cike gurbin da siminti.

To, tambayar da ke gabanmu ita ce: shin ya dace hukuma da likitocin Sakkwato su zuba dukiya da himma wajen kawo wannan aiki, kuma shin ya dace iyalin majinyaci daga Giyawa su sayar da abin hannunsu su neme shi a Legas ko Abuja ko wata ƙasa, inda 'yan ƙalilan ɗin da suka ƙware a kansa suka fi taruwa?

Masu cewa ya dace, hujjarsu ta farko ita ce gaggawa. Gashin da ake yi wa daji da na'ura, wanda shi ne sanannen magani, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji amfaninsa, kuma kusan huɗu cikin goma na waɗanda aka gasa ba sa samun sauƙin a zo a gani. Ga kuma iyakar da likitoci ba sa ƙetarewa wajen maimaita gashi kusa da laka, don gudun kada a shanye wa mutum ƙafafu. Allura kuwa, idan ta dace da ciwon, cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki ake ganin bambanci. A wani bincike da aka buga a 2004, wanda asibitoci a Amurka da Turai suka haɗu suka yi a kan mutum 43 da sauran magunguna suka gaza musu ko ba su dace da su ba, 41 sun sami sauƙi bayyananne bayan an ƙona musu ƙarin, kuma a ma'aunin da majinyaci ke auna ciwonsa daga 0 zuwa 10, matsakaicin tsananin ya sauko daga 7.9 zuwa 4.5 a mako na huɗu, ya kai 1.4 a mako na 24. Wani binciken na 2011, a kan masu daji 134 da ƙashin bayansu ya rufta, ya nuna waɗanda aka ɗura wa siminti sun fi waɗanda aka bari a kan magani kawai iya tashi da tafiya da yi wa kansu hidima bayan wata guda. Suka ce wanda ya san halin da hanyoyin gabashin Sakkwato suke ciki, wanda bai manta harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 ba, ya san cewa maganin da ake gamawa a tafiya ɗaya yana da wata daraja a wurin mutumin Giyawa wadda mutumin birni ba zai gane ta ba, balle ga wanda kowane rami a kan hanya yake ji har cikin ɓargonsa.

Hujjarsu ta biyu ta fi shiga zuciya, kuma ni kaina ba na iya wuce ta da sauri. Musulmi idan ya ga ajali ya ƙarato, akwai abubuwan da yake so ya yi da hankalinsa cikakke: ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa, ya tsarkake jikinsa da hannunsa, ya tsaya a gaban Ubangijinsa, kuma ya cika da kalmar shahada a bakinsa. Ciwon da ke zuwa da motsi, in za a danne shi da magani kaɗai, sai an ba mutum adadin da zai sa shi gyangyaɗi a lokacin da yake kwance ba ya jin komai. Uwa wadda ta yi renon 'ya'ya goma, yau ta wayi gari sai surukarta ta ɗauke ta an kai ta bayan gida, wannan wani raɗaɗi ne da ba ya shiga ma'aunin likita. Idan ɗan siminti kaɗan a ƙashin baya zai mayar mata da ikon tashi ta yi alwala da kanta na wata shida, wane ne zai ce wata shidan nan ba su cancanci a wahala dominsu ba?

Suna kuma kafa hujja da tarihin ƙasar kanta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a ribaɗin Wurno kuma a can aka rufe shi a 1837, ya wallafa littattafai da dama a kan ilmin ɗibbu, kuma lokacin da Baturen nan Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824, daga cikin abubuwan da Bello ya nema a wurin Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Imam Gazali ya lissafa ilmin likita a cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma duka ta bar su, duka ta yi laifi. Suka ce jikokin mutanen da suka yi wannan himma bai kamace su su ce wani fanni na magani ya fi ƙarfinsu ba, alhali asibitin koyarwa na Sakkwato yana da cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa da laka wadda ake zuwa daga jihohi da dama, kuma Tanzaniya, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta buɗe horar da likitocin wannan fanni na aiki da allura a ƙarƙashin hoto a asibitin Muhimbili tun 2018.

Akwai masu ɗar-ɗar ta fuskar addini, suna cewa ai wannan sakiya ce aka sake mata riga, kuma hadisai sun zo da karhanta ƙona jiki da wuta don neman magani. Wannan shubuha ba ta da nauyi sosai, domin ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Sa'adu ɗan Mu'azu irin wannan magani a raunin da ya samu ranar yaƙin Handaƙ, kuma malamai sun haɗa ruwayoyin da cewa karhancin yana kan wanda ya yi ba da buƙata ba, ko ya gabatar da shi alhali akwai magani mafi sauƙi. Babban likitan Andalus, Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, babi na farko na littafinsa a kan fiɗa duk a kan wannan aiki ne. Abin lura a nan shi ne fatawar malamai ta ajiye wuta a bayan magunguna masu sauƙi, kuma wannan tartibi shi ne ainihin abin da ɗaya ɓangaren yake kira a kiyaye.

Su masu cewa lokacinsa bai yi ba, ba su musun cewa allurar tana aiki, sai dai suna neman a duba hujjar da idon alƙali. Binciken 2004 ba shi da ɓangaren da aka bari don kwatantawa. Na 2011 kuwa kamfanin da ke ƙera kayan aikin ne ya ɗauki nauyinsa, kuma kowane majinyaci ya san abin da aka yi masa. A 2009 aka buga wasu bincike biyu a kan tsofaffi da ƙashin bayansu ya rufta saboda raunin tsufa, inda aka ɗura wa wasu siminti, wasu kuma aka yi musu allurar kashe zafi kawai aka nuna kamar an ɗura, sai aka tarar sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu kusan ɗaya ne. Gaskiya ne waɗancan ba masu daji ba ne, kuma ƙiyasin wannan a kan wancan yana da rauni, amma ya isa ya koya wa mutum kada ya ɗauki kowane labarin sauƙi a matsayin yaƙini. Bayan haka aikin yana da haɗarinsa: siminti yakan yoyo ya bi jijiyar jini zuwa huhu, ko ya kwarara inda laka take, zafi ko sanyi yakan taɓa jijiyar da ke motsa ƙafa, kuma a dogon ƙashi irin na cinya siminti kaɗai ba ya hana karaya, sai an sa ƙarfe.

Mafi ƙarfin abin da suke faɗa shi ne wannan magani na mutum ne mai wuri ɗaya ko biyu da zai iya nunawa da yatsa ya ce nan ne ke ciwo. Majinyatanmu kuwa, saboda jinkirin da aka ambata, mafi yawansu suna isowa ne ciwon ya riga ya bazu a haƙarƙari da gadon baya da ƙugu baki ɗaya, kuma babu likitan da zai bi wuri goma da allura. Sannan allurar ƙonawa da ta daskarewa sau ɗaya ake aiki da kowace a jefar, da dala ake sayo ta, ga iskar agon, ga na'urar hoto da ke buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Aikin kuma ba ya warkar da daji, bai kuma tabbata yana ƙara kwana ba. Idan magidanci ya sayar da gonar fadama da shanun huɗa don ya kai mahaifinsa Legas, aka sami sauƙin wata uku, sannan ciwon ya ɓulla a wani ƙashin, to an bar marayu da zawarawa ba gona ba shanu, kuma shari'a ba ta ɗora wa kowa wannan ba. Akwai ma wata mafsada da ta keɓanci ƙasarmu: mutanenmu sun daɗe da imanin cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, idan aka soka wa mutum allura a baya, ya rasu bayan wata biyu da ciwon da dama shi zai yi ajalinsa, labarin da zai zaga kasuwar Achida shi ne allurar ce ta kashe shi, kuma wanda ya ga yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003 ya san tsadar gyara irin wannan ɓarna.

Daga nan sai su juya su nuna abin da aka tsallake. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa matakan kashe raɗaɗin daji, daga ƙananan magunguna har zuwa mofin da ake sha ta baki kowace sa'a huɗu, kuma ta haka ake samun galaba a kan ciwon mafi yawan majinyata. Mofin magani ne mai araha ƙwarai, garinsa ake sayowa a dama da ruwa a zuba a kwalba. Amma rahoton da mujallar likitoci ta Lancet ta fitar a 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun abin da ya wuce kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rabawa a duniya, kuma abin da ke shigowa Nijeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba. Yuganda ta nuna ana iya sauya wannan: Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a Kampala a 1993, a 2004 kuma hukuma ta halatta wa ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta mofin, gwamnati na bayar da shi kyauta har ƙauyuka. Gashi ma ba dole ne ya zama zama goma ba. Wani babban bincike a ƙasar Holan, a kan mutum fiye da 1,000, wanda aka buga a 1999, ya tabbatar da cewa zama ɗaya mai ƙarfi yana kashe ciwo daidai da zama shida, duk da cewa an fi buƙatar maimaita shi daga baya. Ga masu sankarar furostet kuwa, tun 1941 Charles Huggins ya gano cewa idan aka yanke wa ciwon sinadarin mazakuta da yake rayuwa da shi, ko da allura ko da ƙaramar fiɗa, ciwon ƙashi yakan lafa cikin 'yan kwanaki. Suka ce ƙa'idar malamai ita ce a gabatar da mafi muhimmanci a kan mai muhimmanci, kuma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Da na auna maganganun nan, abin da ya rinjaya a wurina shi ne ɓangare na biyu sun fi gaskiya a kan tartibi, kuma rinjayen nasu ba ƙarami ba ne. Zalunci ne a kafa na'ura mai tsada a birni domin mutum ɗaya, alhali tara suna kuka a ɗakunansu a Giyawa da Shinaka da Gandi saboda rashin kwalbar maganin da kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Tsoron da ya kama hukumomi da likitoci bayan fitinar kodin, wadda ta sa gwamnati ta hana shi a maganin tari a 2018, da fitinar taramol da ta lalata samari da yawa, tsoro ne mai dalili, amma hukuncinsa ya faɗa kan wanda bai yi laifi ba. Matashin da ke neman maye yana samun abinsa a bayan kasuwa, tsohuwar da daji ya ci ƙugunta ita ce aka hana. Ta fuskar fiƙihu ma babu abin da ya hana, domin Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye da abin da ke gusar da jin zafi ko ya kawo barci, kuma malamai sun halatta na biyun idan lalurar magani ta kama. Mofin da aka auna daidai, aka ƙara shi sannu a hankali, galibi gyangyaɗinsa yakan wuce bayan 'yan kwanakin farko, abin da yake daɗewa shi ne taurin bayan gida, shi ma yana da magani.

Sai dai ba zan bi su har ƙarshen maganarsu ba, saboda dalili biyu. Na farko, kalmar nan ta a fara da mafi muhimmanci ta daɗe tana zama mafakar waɗanda ba su yi mafi muhimmancin ba, ba su kuma yi mai bi masa ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayya kuwa har yau ba ta kusanci wannan adadi ba, saboda haka ƙarancin da ake kafa hujja da shi wani ɓangarensa zaɓi ne na masu mulki. Na biyu, sun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Ƙonawa da daskarewa su ne masu tsada, su ne kuma gashi zai iya tsayawa a madadinsu a mafi yawan lokuta. Ɗura siminti kuwa na'urar hoton da ake turawa a ɗakin tiyatar ƙashi ta wadatar masa, simintin shi ne irin wanda likitocin ƙashi suka saba aiki da shi, kuma shi ne yake maganin ciwon nan na biyu, mai zuwa da motsi, wanda mofin ba ya kamawa da kyau, gashi kuma ba ya mayar wa ƙashi ƙarfinsa da wuri. Wanda ya hana wannan da sunan tausayin talaka, ya hana talakan abin da babu mai maye masa gurbinsa.

Bisa ga haka, fatawata, in har irina yana da fatawa a wannan fage, ita ce a sa mofin na sha ya sauka har asibitocin Goronyo da Wurno da Rabah, a ƙarƙashin kulle da rajista, a horar da ma'aikatan jinya biyu ko uku a kowanne waɗanda za su auna shi su bi majinyata gida, kuma wannan ba ya jiran shekara mai zuwa. A Sakkwato a tsare lafiyar na'urar gashi da kwangilar gyara da wuta tsayayya, domin lalacewar waɗannan na'urori ita ce ta daɗe tana mayar da majinyata gida a duk faɗin Nijeriya, a kuma riƙa ba wanda ya zo daga nesa zama ɗaya idan ciwonsa ya dace, musamman yanzu da aka buɗe sabuwar cibiyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, wadda za ta iya rage cunkoso. Sannan a tura likitoci biyu ko uku daga cikin masu hoto da masu fiɗar laka su ƙware a kan ɗura siminti, su zauna tare da likitocin daji su zaɓi wanda ya cancanta. Ƙonawa da daskarewa su biyo baya idan ƙafa ta tsaya. Asusun tallafin masu daji da gwamnatin tarayya ta soma a 2021, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, da attajiran da Allah ya hore wa, su ne ya kamata su ɗauki kuɗin, domin majinyacin da ciwo ya talauta yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Iyalin da ke shawarar sayar da gona kuwa, kada su yi sai sun tambayi likita ƙarara: wuri nawa ciwon ya kama, an gwada mofin yadda ya kamata, an gwada gashi, kuma wane sauƙi ake sa ran samu, na tsawon wane lokaci.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, idan akwai a gidanku matar da aka taɓa samun ƙari a mamanta, ko dattijon da fitsari ya daɗe yana yi masa gardama, sai ga ciwon baya da ke tashe shi da tsakar dare kuma ba ya jin magani, kada a bari mai ɗori ya ja shi ko ya danna, a kai shi a ɗauki hoto. Idan kuwa ƙafafunsa suka fara nauyi ko mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka fara kuɓuce masa, to alama ce ciwon ya danne laka, kuma abin da za a iya cetowa ana ceto shi ne cikin kwana ɗaya ko biyu. A nufi Sakkwato da shi a ranar, kada a jira ranar kasuwa.